Babi na 6: Idan Inji Ya Sauka

Hanyar kwalta guda ce ta ɗinke Gidan Rumji da Agye da Gazawa, wato babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Ta taso daga Yamai, ta bi ta Dosso da Ƙonni, ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta taɓa Maraɗi, sannan ta miƙe gabas ta Cadawa da Agye da Gazawa har Tasawa da Damagaram. Sai dai yawancin mutanen waɗannan yankuna ba a bakin kwalta suke zaune ba. Da ka karya sitiyari ka sauka daga titi, rairayi ne zai tarbe ka: jigawa, da burtali, da sawun amalanke, ga kuma fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba masu riƙe mota da damina. Ta irin waɗannan hanyoyi ake fito da buhunan gero da wake da gyaɗa da aya ranar kasuwa, ta nan ake fito da mace mai naƙuda da tsakar dare. Motar da ke shan wannan wahala kuwa kusan kullum tsohuwa ce, mai shan gazuwal, wadda sau da yawa ta girmi direbanta.

Kowace da tarihinta. Wasu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka shigo bayan sun cinye ƙuruciyarsu a Turai. Wasu motocin ayyukan raya karkara ne, irin waɗanda asusun FIDA ya daɗe yana tallafawa a Agye, ko na ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar Maraɗi lokacin yunwar 2005. Aiki ya ƙare, aka yi gwanjonsu, suka faɗa hannun ƴan kasuwa. A cikinsu akwai Land Cruiser mai injin 12H-T, silinda 6 lita 4, wanda Toyota ta fito da shi a 1985. Akwai magajinsa 1HD-T mai lita 4.2 da ya zo a 1990. Akwai Hilux mai 2L-T, silinda 4 lita 2.4, har yanzu kuma ana cin karo da Peugeot 505 mai turbo jefi-jefi. Abin da ya haɗa su shi ne ba kwamfuta ke sarrafa su ba. Famfon gazuwal ɗinsu ƙarfe ne zalla, bakanike na iya buɗe shi ya ga abin da ke damunsa da idonsa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa lokacinsu ya wuce ba. Sabuwar mota in ta tsaya a bayan Gangara, sai an ɗauko na'ura da mai karanta ta daga birni. Waɗannan kuwa ana tada su da sifana da haƙuri. Amma fa sai an yi aikin yadda ya kamata, kuma a nan gizo ke saƙar.

Injin gazuwal ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi irin na injin fetur. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 18 zuwa 22 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa gazuwal a ciki ya kama da kansa. Tun injin Rudolf Diesel na 1897 wannan asalin bai sake ba. Ran injin ke nan yana cikin matsi. Duk abin da zai bar iska ta sulale, ko ringin da ya cinye, ko bawul da ba ya rufewa, ko gasket da ya ƙone, ƙarfi ne ke zuba.

Turbo ƙari ne a kan wannan. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin gazuwal ba sai 1978 a Mercedes 300SD, sai Peugeot 604 a 1979. Fankoki biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana cusa ƙarin iska cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara gazuwal, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an ƙara girman inji ba. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, gefenta guda na cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 700, kuma ba abin da ya raba ta da mazauninta sai ɗan baƙin man da ke kwarara a tsakani. Daga nan rabin dokokin da za su zo a gaba suka samo tushe.

Inji ba ya mutuwa bagatatan. Yakan fara da ƙin tashi da safe cikin hunturu, sai an tura. Sai shan mai, direba na ƙari a kowace tafiya. In ka buɗe murfin mai inji na sulo ka ga hayaƙi na bugowa, matsi ne ke wucewa ta gefen ringi. Shuɗin hayaƙi a salansa baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi, gazuwal ne ya fi ƙarfin iska. Fari kuwa, ko ruwa ne ya shiga silinda ko gazuwal ne bai kama ba. Daga nan fitilar mai ta fara ƙyaftawa in inji ya yi zafi. Ƙarshenta a ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, a ce inji ya buga. Ba duk hayaƙi ke sa a sauke inji ba: filtar iska da ta toshe ko nozul mai ɗiga na iya sa mota ta turnuƙe unguwa alhali cikinta lafiya lau. Bakaniken kirki sai ya gwada matsin kowace silinda da matsin mai kafin ya taɓa noti ko ɗaya.

Tambayar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma aka fi tsallakewa, ita ce: me ya kashe shi? Na taɓa tsayawa a wani gareji a Agye ana shirin sauke injin wata Hilux. Mai motar na ta lissafin kuɗin fistin da ringi, shi kuwa maigidan garejin bai ce uffan ba. Ya kwance robar da ta tashi daga gidan filta zuwa bakin turbo, ya zura yatsa ciki ya shafo, ya nuna wa mai motar. Yatsan ya fito da jar ƙura. Bayan filta ke nan fa, inda bai kamata a sami ko ƙwaya ba. Ya lanƙwasa robar, sai ga tsaga a ƙarƙashinta, wajen da ido ba ya kaiwa.

Ya ce, "Alhaji, ga abin da ya ci maka inji. In muka sa sabon ringi muka mayar da wannan robar, kafin kaka za ka dawo."

Alhajin ya juya robar ya ce, "Malam, wannan ƴar tsagar?"

Ya ce, "Ita fa, ranka ya daɗe."

Gaskiyarsa, ƙura ce makashi na farko. Inji mai lita 2.4 da ke juyi 2,500 a minti yana haɗiye iskar da ta kai lita 3,000 a kowane minti, tun kafin turbo ya ƙara nasa. Ƙurar ƙasarmu kuwa garin rairayi ce, kuma rairayi ya fi ƙarfen silinda tauri. Tana fara cin fikafikan fankar turbo, ta wuce ta goge ringi da bangon silinda, abin da ya rage ya gangara cikin baƙin mai ya bi jijiyoyin inji har metal. Ɗabi'ar nan ta buga filta a jikin taya ko hura mata iska mai ƙarfi sosai tana yaga takardar ba tare da an lura ba. Filta mai ƙaramin rami ta fi toshasshiya sharri, domin toshasshiya ƙarfi kawai za ta rage maka.

Na biyu shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana na wuce digiri 40, mota kuma na cikin rairayi a ƙaramar giya da lodi har bisa, inji na ihu amma ba gudu, don haka iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce. Ruwan rijiya da ake ɗurawa yana barin farin dattin da ke toshe bututun lagireto a hankali, ya kuma sa tsatsa. Murfin lagireto da mutane ke rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. In robarsa ta mutu, a digiri 100 ruwa zai tafasa ya gudu. Akwai kuma al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan gyaran gangar Abzinawa ne. A injuna da yawa tamostat ba buɗe hanyar lagireto kawai yake yi ba, yana kuma rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji; in an cire shi, wani kason ruwan zafi zai yi ta zagaye bai taɓa lagireto ba. An san 2L-T da tsagewar kai a tsakanin bawul in ya sha zafi, kuma ba abin da ke gaggauta wannan kamar kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa.

Na uku, mai iri biyu. Tsohon inji mai turbo yana son juye a kan kilomita 5,000, da man da aka san asalinsa, ba na kwalba da aka ɗura daga durom marar suna ba. Gazuwal kuwa, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, muna da namu na gida. Inda yake ɓaci shi ne a hanya: jarkar da ta sha ruwan sama, durom mai tsatsa, ko mai son riba da ya surka da kananzir. Famfon da ke jikin 2L-T da 1HD-T da gazuwal ɗin kansa yake samun santsi. In aka ba shi ruwa ko kananzir, cin kansa yake yi.

Da an gano cuta sai shawara: a gyara wannan, ko a sayo ɗan Beljiyam? Injin da aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje yana da sauƙin sha'ani. A Ƙofar Ruwa ta Kano za ka same su jere, ka biya, a ɗoro maka ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, cikin ƴan kwanaki motarka na kan hanya. Amma a rufe kake sayensa. An wanke shi ya yi fes, an tada shi a ƙasa ya yi ƙara na ɗan lokaci, wannan kuwa ba ya gaya maka halin da metal ɗinsa ke ciki. Injin da aka daina ƙerawa shekaru da dama, duk wanda ka samu tsoho ne shi ma. Ga kuma sha'anin iyaka: Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hanyar Kwatano ma ta toshe, kayan mota suka yi tsada da wuyar samu. Ni dai shawarata ita ce, muddin bulok bai fashe ba, kuranshaf bai tsage ba, ka gyara naka. In an gama, ka san abin da ke ciki, domin a gabanka aka sa shi.

Sauke inji ba shi ne wahalar ba. A cire batir, a tsiyaye mai da ruwa, a fitar da lagireto, a yi wa kowace waya da kowane tiyo alama. Yanzu da kowane yaron gareji ke da wayar hannu, ɗaukar hoto kafin a kwance abu ya fi dogara da tuni. Sarƙar ɗaga inji a rataye ta a ƙarfe mai ƙafa uku, ba a reshen dogon yaro ba, kuma kada kowa ya sa hannu ko kai ƙarƙashin injin da ke lilo.

Wajen warwarewa ake gane maigida da ya san aiki. Ba ya barin yara su zube kaya cikin daro ɗaya. Kowane fistin da hannunsa da murfinsa tare suke tafiya, da lambar silindarsu, domin tare aka huda hannu da murfi a masana'anta; in ka musanya, ramin ba zai zama da'ira ba. Sannan yana duba kowane ƙarfe kafin a wanke shi, domin kowanne shaida ne. Metal mai zane-zane datti ya sha. Wanda ya yi baƙi ko shuɗi, mai ne ya yanke masa. Fistin da kansa ya narke, nozul ɗinsa ne ke tsiyaya maimakon feshi. Fistin guda da ya fito fes a tsakanin ƴan'uwansa baƙaƙe, ruwa ne ke wanke shi, sai a nemi tsaga a kai ko ƙuna a gasket. Kanikawa a ƙasashe da dama sun san 1HD-T na farko-farko da saurin cin metal na hannun fistin, don haka nan ake fara dubawa. Wanda ya yi gaggawar wankewa ya shafe duk wannan bayani.

Sai awo. Ratar da ke tsakanin kuranshaf da metal wajen milimita 0.05 ce, ba ta kai kaurin silin gashi ba. A cikin wannan ƴar ratar mai ke shiga ya ɗaga ƙarfe daga ƙarfe. In ta yi faɗi, mai ya zurare, matsi ya faɗi; in ta ƙuntata, ƙarfe ya kama ƙarfe. Ba hannun da zai iya jin wannan, komai daɗewarsa a sana'a, kuma bakaniken da ya ce maka yatsansa ya ishe shi awo, ɗauki injinka ka yi gaba. Daga Gazawa ko Gidan Rumji, yawanci sai an kai bulok da kuranshaf da kan inji Maraɗi wajen masu injin gyaran ƙarfe, wani lokaci har Kano. Su za su auna, su ce kuranshaf gogewa kawai yake so ko sai an rage shi da 0.25 ko 0.50, silinda kuma ko a faɗaɗa ta a sa fistin mai ƙarin 0.50, ko a dasa mata sabuwar riga. Za su ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan inji su ga ko ya lanƙwashe, su gwada ko yana da tsaga. Sai bayan wannan ake sayen kaya. Masu mota da yawa kan riga su sayo ringi da metal tun kafin awo, sai ya zama bakanike na ƙoƙarin tilasta wa inji ya dace da kayan da ke hannu.

A kan kaya, magana ɗaya ce. Jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ma har ya fi na gaske kyau. In kuɗi sun gaza, a rage a wani wuri, amma ban da abu huɗu: metal, ringi, gasket ɗin kai, da bel ɗin taimin. Gara mota ta ƙara wata guda a kan duwatsu ana tara kuɗi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi kashe injunan da aka gyara a ƙasarmu, kuma ba kuɗi yake ci ba: wanki. Kuranshaf da ya dawo daga wajen ragewa yana ɗauke da garin dutsen da aka goge shi da shi a cikin ramukan mai. Silindar da aka goge tana riƙe da irin wannan gari a cikin zanenta. Gazuwal ko fetur ba sa fitar da shi duka. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ake sawa, a wanke, a sake wankewa, har sai an goga farin ƙyalle ya fito fari, sannan a busar a shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama. Kowace hanyar mai a zura mata buroshi a hura. Akwai kuma akwatin sanyaya mai da ke jikin bulok. In inji ya buga, ɓarɓashin metal na maƙalewa a cikinsa, ya jira sai an tada sabon inji ya sako su. In ba za a iya wanke shi sarai ba, a sake shi.

Sannan wurin haɗawa. Yawancin garejojinmu fili ne, ƙasansu rairayi, rufinsu inuwar itace. A nan za a iya sauke inji, amma ba a nan ya kamata a haɗa shi ba. Na ga an shimfiɗa kwali a ƙasa an jera sabon metal a kai, iska ta taso, kowa ya kare idonsa, ba wanda ya tuna da metal. A sami ɗaki, ko shagon da ake ajiye kaya ne, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa, a yi aiki a kan tebur. In dare ya yi a lulluɓe inji da leda. Lokacin hazo a ninka kula.

Haɗawa kanta a natse ake yin ta. Kowane ringi a fara sa shi cikin silindarsa a auna ratar bakinsa. In ta yi kaɗan, da ya ɗauki zafi zai kumbura ya karye. A kan fistin a rarraba bakunan, kada su yi layi. Alamar da ke kan fistin ta dubi gaban inji. Bayan metal a bushe, fuskarsa a jiƙe da mai. Duk murfin da aka ɗaure, a juya kuranshaf da hannu. In ya yi tauri, a tsaya a nan a nemi dalili, kada a ce zai saki in ya yi aiki.

Gasket ɗin kai yana da nasa sirrin. A injin gazuwal fistin na ɗan leƙowa sama da fuskar bulok, kuma gwargwadon leƙowar ake zaɓen kaurin gasket. Shi ya sa Toyota da Peugeot ke yin sa kauri daban-daban, da alama a gefe. Siriri ya yi yawa, fistin ya daki kai ko bawul. Mai kauri ya yi yawa, matsi ya ragu, mota ta koma ƙin tashi da safe. Notunan kai kuwa da sifana mai awo ake ɗaure su, daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe, hawa-hawa, kuma a 2L-T na baya-baya da 1HD-T bayan an kai awon sai a ƙara juyin digiri 90 sau biyu. Irin waɗannan notuna miƙewa suke yi, don haka a auna su ko a sake su. Zura bututu a sifana yaro ya rataya a kai ba ɗauri ba ne. Gam ɗin liƙi ma a sa kaɗan. Wanda ya bulbulo ta ciki yakan ɓalle ya toshe rariyar famfon mai.

Taimin a bi alamomin masana'anta, sannan a juya inji da hannu zagaye biyu a tabbata alamomin sun dawo daidai kuma ba abin da ya tokare. 12H-T giya ce ke juya masa komai, ba shi da bel. 2L-T da 1HD-T kuwa masu bel ne, kilomita 100,000 ne wa'adinsa, kuma in ya tsinke inji na gudu, fistin da bawul ne za su haɗu.

Famfo da nozul su tafi wajen mai na'urar gwaji. Nozul mai lafiya ba ya buɗewa sai matsi ya haura ninki 100 na iskar da muke shaƙa, ya yi feshi mai laushi, ya yanke tsaf ba ɗiga. Mayar da tsohon nozul ba gwaji a kan sabon fistin ganganci ne. Ina kuma roƙon direbobi su bar sa kanikawa ƙara wa famfo wuta. Motar za ta ɗan ƙara kuzari, amma baƙin hayaƙin nan da ke biye da ita zafi ne da ke dafa fistin da turbo. Shi turbo, a kama sandarsa a girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in fanka na taɓa gida ko tana gaba da baya, ya gama. Siririn bututun da ke kawo masa mai yakan toshe da ƙonannen mai, sai a wanke shi ko a sake. Kafin a ɗaura bututun, a ɗura mai a bakin turbo a juya fanka da yatsa.

Tunda inji na ƙasa, lokacin duba kuloci ke nan, da robar da ke tare mai a bayan kuranshaf, da robobin da inji ke zama a kai. Abu ne mai araha yau, gobe kuwa sai an sake sauke komai. Wajen mayarwa, a daidaita faifan kuloci a tsakiya, a sauko da sarƙa a hankali, mutum guda na ba da umarni. Inji da giyabos su haɗu da kansu. In sun ƙi, a ɗan juya kuranshaf haƙora su shiga. Jawo su da noti yana fasa gida ko ya lanƙwasa faifai. Kada a manta da kaurar wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Lagireto ya je wanki, tiyo da ya taurare a sake shi, tamostat ya koma mazauninsa, robar iska a duba ta ciki da waje.

Ba a tada sabon inji kai tsaye. A cire wayar da ke buɗe wa famfo gazuwal, a yi ta ba da kii kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya kai ko'ina. Sannan a mayar da wayar, a fitar da iska daga filta da bututun nozul. Mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin iska. Dalili kuwa, in akwai man da ya taru a bututun turbo, injin gazuwal na iya kama shan baƙin mansa ya yi ta hawa, ko an zare makulli ba zai tsaya ba. Toshe masa iska da katako, ko sa babbar giya a taka birki a saki kuloci, su ne kawai mafita. Tafin hannu ba ya wannan aiki. Da ya tashi, ido a kan fitilar mai, kunne a ƙasan inji, kada a taka totur. A bar shi ya ɗumama, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, a kashe, ya huce, a ƙara ruwa.

Kuskure biyu ake yi bayan nan, kuma kishiyoyin juna ne. Wasu su bar inji na sulo yini guda wai yana wasa ringi, alhali ringi ba ya zama sai da matsi a bayansa. Sulo mai tsawo sulɓi yake sa wa bangon silinda, inji ya tashi da shan mai tun yana sabo. Wasu kuma washegari su labta buhu har bisa su faɗa rairayi, domin bashin gyara na jira. Abin da ya dace shi ne tafiya a kwalta da kaya matsakaici, Agye zuwa Maraɗi a dawo, ko Gidan Rumji zuwa Tsibiri, ana hawa ana sauka da gudu, ba a danne shi a babbar giya ba, ba a kuma kai shi ƙarshen totur ba. In an iso, a ba shi minti ɗaya ko biyu yana sulo kafin a kashe, don sandar turbo ta huce mai na zagayawa. Wannan ɗabi'a kuma ta zauna wa direba har abada, ba ta kwanakin farko kaɗai ba ce.

Tsakanin kilomita 500 da 1,000 a yi juyen farko tare da filta. A tari man a kwano mai tsabta a duba shi cikin rana: ɗan ƙyalli marar yawa ba abin damuwa ba ne, ɓarɓashin da yatsa ke ji kuwa sai an koma ciki. A sake auna ratar bawul, a bi kowane maɗaurin tiyo a ƙara matsewa, a duba ko ruwa na raguwa. In komai ya tsaya daidai har juye na biyu, mota ta koma layin kasuwa ta ɗauki cikakken lodinta.